Yadda ake sa lamba ta motsa da sifirin a shafin intanet, maimakon ta rinƙa tsalle

Kwanaki ina haɗa ma wani mai sayar da atamfa ɗan shafin da mutane za su rinƙa yin oda, akwai wajen da jimillar kuɗi ke fitowa a ƙasa, turmi ɗaya ₦18,500, in ka danna alamar ƙari ya koma ₦37,000, ka sake dannawa ₦55,500. Aiki yana yi lafiya lau, amma lambar kawai ɓat take yi wata ta maye gurbinta, ido baya ma kama cewa wani abu ya canza, musamman a ƙaramin sikirin na waya da babban yatsa ya rufe rabi. Sai na sa mata motsi irin wanda kowa ya fara koya, wato ka ce mata tafi daga nan zuwa can cikin milisakan 400. Dannawa ɗaya ya yi kyau. Amma mai saye ba sau ɗaya yake dannawa ba, tau tau tau yake yi sau uku a jere, kuma duk dannawa sai motsin ya katse ya faro daga tsaye, lambar ta rinƙa tafiya tana cijewa kamar mota mai matsalar fulogi.

Toh maganin wannan shi ne sifirin, wato spring da Turanci, kuma abin da nake so ka fita da shi daga nan kenan tun kafin mu shiga kod: motsi mai ƙayyadadden lokaci abu biyu kawai ya sani, inda ya taso da inda za shi. Shi kuwa sifirin yana riƙe da gudun da yake kai a yanzu, shi yasa in ka canza mai wajen zuwa yana tsakiyar tafiya baya tsayawa, karkata kawai yake yi da gudunshi. Sifirin ba ya da agogo kwata-kwata, ba ka ce mai sakan kaza, tauri da birki kake ba shi, lokaci kuma ya fito da kanshi.

Fara da gane abubuwa ukun nan

Ka tuna mota in ta faɗa rami. Akwai sifirin da ke dawo da ita daidai, akwai shokzoba da ke hana ta ci gaba da lilo, sannan akwai nauyin motar kanta. Duk wanda ya taɓa shiga motar da shokzoba ɗinta ya mutu ya san yadda take, rami ɗaya sai ta yi ta sama da ƙasa sau huɗu sau biyar kafin ta natsu. Waɗannan ukun su ne duk abin da za mu saita: tauri, birki, nauyi.

Lissafin sifirin ɗin tsoho ne sosai, Robert Hooke ɗan Ingila ne ya wallafa shi a 1678, kuma maganarshi gajera ce, iya nisan da ka ja sifirin iya ƙarfin da zai ja ka ya koma. Sai a ɗora birki a kai, wanda shi kuma iya gudunka iya yadda zai riƙe ka. In an haɗa:

ƙarfi = −tauri × (inda kake − inda za ka) − birki × gudu

Shi kenan fa. Ka raba ƙarfin da nauyi ka samu yadda gudu zai ƙaru, ka ƙara gudun a kan inda kake ka samu sabon wuri, ka maimaita a kowane firem, wato duk lokacin da sikirin ya sake zana hoto. Nauyi ka bar shi a 1 ka manta da shi, don duk abin da canza nauyi zai ba ka za ka iya samu ta canza sauran biyun, kuma juya maɓalli biyu ya fi juya uku sauƙi.

Bari mu gwada da hannu don ka ga ba tsafi a ciki. Muna 0 za mu 100, tauri 170, birki 26, sikirin mai firem 60 a sakan. Firem na farko ƙarfi 17,000 ne tunda ba gudu tukunna, a raba shi gida 60 tunda firem ɗaya ne, gudu ya zama 283, a sake raba wannan gida 60, wuri ya zama 4.7. Firem na biyu nisan ya ragu kaɗan, birki kuma ya fara kamawa, ƙarfi ya sauko 8,830, gudu ya hau 430, wuri 11.9. Haka zai yi ta yi, ya tashi da sauri sannan ya rinƙa lafawa, kafin rabin sakan ya cinye kusan kashi 99 na tafiyar.

Mataki na biyu, rubuta madaukin, wato kod ɗin da zai rinƙa maimaita kanshi

Ka buɗe fayil ɗin JavaScript ɗinka. Ni da Hausa nake sa sunayen abubuwa in ina koyo, yana taimaka mun in ga me ke faruwa, amma ban sa ƙ da ɗ a ciki ba don saukin bugawa.

```js
function sifirin(farko, nuna) {
  const tauri = 170, birki = 26, nauyi = 1;
  let wuri = farko, manufa = farko, gudu = 0;
  let iyaka = 0.01, baya = null, aiki = false;

  function taku(yanzu) {
    let saura = baya === null
      ? 1 / 60
      : Math.min((yanzu - baya) / 1000, 0.064);
    baya = yanzu;

    while (saura > 0) {
      const dt = Math.min(saura, 0.004);
      const karfi = -tauri * (wuri - manufa) - birki * gudu;
      gudu += (karfi / nauyi) * dt;
      wuri += gudu * dt;
      saura -= dt;
    }

    if (Math.abs(wuri - manufa) < iyaka && Math.abs(gudu) < iyaka * 10) {
      wuri = manufa; gudu = 0; aiki = false; baya = null;
      nuna(wuri);
      return;
    }
    nuna(wuri);
    requestAnimationFrame(taku);
  }

  return function saita(sabo) {
    manufa = sabo;
    iyaka = Math.max(Math.abs(sabo - wuri) * 0.001, 0.01);
    if (!aiki) { aiki = true; requestAnimationFrame(taku); }
  };
}
```

Duba saita da kyau, can ƙasa. In sabuwar lamba ta zo manufa kawai muke canzawa, ba mu taɓa wuri ba, ba mu taɓa gudu ba. Wannan ɗan layin shi ne duk sirrin, shi ne ya sa dannawa uku a jere ke zama tafiya ɗaya mai santsi. Dan Allah kar ka ce bari in gyara ka sa gudu ya koma 0 a wajen, in ka yi haka ka dawo da matsalar da muka gudo daga gare ta. Sannan aiki yana nan ne don kar madauki biyu su tashi tare, in ba shi duk dannawa za ta kunna sabon madauki a kan tsohon, aikin ya rinƙa ninkuwa sau biyu sau uku a banza.

Wani ƙaramin abu kuma da mutane ke juyawa ba su sani ba, gudu ake fara sabuntawa sannan wuri, kuma wurin da sabon gudun zai yi amfani ba tsohon ba. In ka juya su, lissafin yana ɗan ƙara ma sifirin ƙarfin da ba nashi ba a kowane firem, in birkinka kaɗan ne sai ka ga lilon ya ƙi mutuwa da wuri.

Maganar lokaci, nan ne aka fi faɗawa

Anan zan ɗan daɗe don nan ne ya fi ci mun lokaci. Yawancin misalan da za ka gani suna ɗauka kowane firem milisakan 16.7 ne, su rubuta shi a kafe. A kwamfuta mai firem 60 a sakan zai yi daidai. Amma akwai wayoyi masu firem 90 da 120 a sakan yanzu, a kansu requestAnimationFrame, abin da burauza ke kiran kod ɗinka da shi a kowane firem, zai kira ka fiye da sau 60, motsinka ya yi sauri har ninki biyu. Akwai kuma ƙananan wayoyin Android da mafi yawan masu sayen atamfar nan ke riƙe da su, waɗanda in shafi ya yi nauyi sai su sauko firem 30 ko ƙasa, motsin ya zama kamar ana jan shi. Shi yasa muke auna ainihin lokacin da ya wuce, yanzu a cire baya.

Toh amma auna lokacin kaɗai ma bai isa ba, yana da nashi tarkon. Wannan salon lissafin in takun ya yi faɗi da yawa fashewa yake. Da tauri 170 da birki 26 iyakar tana wajen milisakan 64, in firem ɗaya ya wuce haka, misali wayar ta ɗan sandare tana loda hoto na milisakan 100, birkin zai yi yawa har ya tura lambar baya, firem na gaba in shi ma ya yi tsawo ya turo ta gaba fiye da da, sai ka ga jimillar atamfa ta koma miliyoyi ko ta koma ƙasa da sifili. Na gani da idona a wata tsohuwar waya, wlh sai da gabana ya faɗi don a shafin kuɗi ne. Ga kuma in mutum ya bar shafin ya shiga WhatsApp, burauza tana dakatar da requestAnimationFrame gaba ɗaya, in ya dawo bayan minti biyu lokacin da ya wuce sakan 120 ne a taku ɗaya.

Kariya biyu na sa a kod ɗin. Na farko Math.min da 0.064, duk daɗewar da aka yi ba za mu lissafa fiye da haka ba. Na biyu madaukin while ɗin nan, yana yanka lokacin ƙanana ƙanana milisakan 4, ko firem ya yi tsawo lissafin a ƙananan taku yake tafiya. Kar ka ji tsoron wai zai ci batir, ninkawa da tarawa ne guda nawa, abin da ke cin waya shi ne zana shafi ba wannan ba.

Yaushe zai tsaya

A lissafi sifirin baya isa daidai, kusantowa yake ta yi har abada, don haka kai ne za ka ce ya isa. Sharaɗi biyu ne dole su cika tare, ya kusa manufa kuma gudunshi ya mutu. In nisa kawai ka duba, sifirin mai lilo zai tsaya cak a karon farko da ya ratsa ta kan manufa yana tsakiyar gudu.

Kuma ka lura ban kafe iyaka a lamba ɗaya ba. In kana tafiya daga 0 zuwa ₦250,000 ka ce sai saura rabin naira za ka tsaya, zai ɗauki wajen sakan 1.2, rabin lokacin nan lambobin ƙarshe ne kawai ke ta rarrafe mutum yana jira ya karanta. Da na mai da ita kashi ɗaya cikin dubu na nisan tafiyar sai ya koma wajen sakan 0.7, ko lambar babba ce ko ƙarama. In ya tsaya kuma a dire shi a kan manufa daidai, kar a bar 55,499.8 a wajen.

Haɗa shi da shafin

```js
const akwati = document.querySelector('#jimilla');
const saitaJimilla = sifirin(18500, n => {
  akwati.textContent = '₦' + Math.round(n).toLocaleString('en-NG');
});

saitaJimilla(37000);
```

Sai ka je CSS ka sa ma akwatin `font-variant-numeric: tabular-nums`. A wasu salon rubutu 1 ta fi 8 siranta, in lambobi na canzawa da sauri faɗin rubutun zai rinƙa rawa yana ture abin da ke gefenshi. Wannan layin yana sa kowace lamba ta ci wuri iri ɗaya, in dai salon rubutun da ka zaɓa yana da su.

In kuma ba lamba kake motsawa ba, kati ne ko maɓalli ko sandar da ke nuna ci gaban lodi, to abin da nuna zai taɓa ya zama transform ko opacity. Ka guji width da left da top, don duk firem sai burauza ta sake auna shafin, a ƙaramar waya nan take za ka ji shi. Sandar lodi da scaleX ake yinta. Abu mai motsi gefe da sama kuma sifirin biyu za ka kunna mai, ɗaya na kwance ɗaya na tsaye.

Yanzu zaɓen tauri da birki

Akwai lamba ɗaya da in ka san ta ka huta da lalube. Ka ɗauki tauri sau nauyi, ka nemo sukwaya rut ɗinshi, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka shi, sannan ka ninka biyu. Wannan shi ne birkin da zai kai ka manufa da sauri ba tare da ka wuce ba. Na 170 ya kama 26 da ɗigo, kaga kenan 170 da 26 ɗin nan ba haka kawai aka tsinto su ba, su ne saitin asali na React Motion, wani laburaren motsi, wato kod da aka riga aka shirya, da Cheng Lou ya rubuta, wani laburaren react-spring ma ya gaje su. Birki ƙasa da wannan lambar zai wuce ya dawo, sama da ita kuma zai rinƙa jan ƙafa.

Ka gwada 180 da 12 ka gani, shi ne saitin lilo na react-spring, yana wuce manufa da wajen kashi 20 cikin ɗari kafin ya dawo. A kan alamar zuciya da aka danna ko ƙaramin kati da ya faɗo yana da daɗin kallo. 210 da 20 ya fi kaifi, lilon kaɗan ne, ni shi nake sa ma menu da ke fitowa daga gefe. 120 da 14 a hankali yake, mai taushi.

Amma ga inda ba na sassauci: kuɗi ba a sa musu lilo. Ka yi tunanin jimilla za ta daga 0 zuwa ₦10,000 da saitin 180 da 12, sai ta hau har ₦12,000 da wani abu kafin ta sauko. Ƙiftawar ido ne, eh, amma mai saye ya ga kuɗin da ba nashi ba, kuma mutumin da dama yana ɗar-ɗar da biyan kuɗi ta intanet wannan kaɗai ya isa ya rufe shafin. Haka maki na jarabawa, haka ragowar data, haka kashi cikin ɗari da bai kamata ya wuce 100 ba. Duk lambar da mutum zai karanta ya yarda da ita, birkinta ya kai cikakke.

Ko da cikakken birkin ma akwai wata ƙofa. In lambar na gudu sosai zuwa 55,500 sai mutum ya rage turmi ɗaya manufa ta dawo 37,000 alhali tana dab da wajen, gudun da ta ɗauko zai iya wuce da ita sau ɗaya kafin ta dawo. Ga kati wannan shi ne kyan abin. Ga kuɗi sai ka ƙara sharaɗi, ka duba alamar wuri a cire manufa kafin taku da bayanshi, in ta juya daga ƙari zuwa ragi ko akasin haka an tsallaka kenan, ka dire a kan manufa ka kashe gudu. A react-spring `clamp: true` ke yin wannan aikin. Kuma ko ba a faɗa ba, lambar sifirin ta kallo ce kawai, abin da za ka tura wajen biya ainihin jimillar ce da ke ajiye daban, kar ka taɓa karanto ta daga akwatin da ke motsi.

In kana aiki da laburare

Ba dole sai ka rubuta naka ba, na sa ka rubuta ne don in ka ga saitin laburare ka san me kake juyawa. A react-spring sunayen tension da friction da mass ne. A Motion, wanda aka fi sani da Framer Motion a da, stiffness da damping da mass ne, kuma akwai useSpring da aka yi don daidai wannan aikin na bin lamba mai canzawa. Svelte, wani kayan haɗa shafukan intanet, nashi a cikin gida yake, svelte/motion, sai dai ka kula ma'auninshi daban ne, tsakanin 0 da 1 yake, asalin saitin 0.15 da 0.8, in ka kwafo 170 da 26 ka zuba a can ba abin da kake nema za ka samu ba.

CSS ma yanzu tana da linear() da ta shiga manyan burauzoji a 2023, kana jera mata maki da yawa ta zana maka siffar lilon sifirin ba tare da JavaScript ba. Tana da kyau ga abin da zai fito sau ɗaya ya zauna, kamar saƙon an karɓi oda. Amma hoton sifirin ne aka zana a kan ƙayyadadden lokaci, ba ta riƙe gudu, in aka katse ta a tsakiya daga tsaye za ta faro. Ga abin da ake dannawa a jere ko ake ja da yatsa, madaukin gaske za ka yi.

Kar ka manta da waɗanda motsi ke damu

Akwai mutanen da motsin sikirin ke sa ma jiri da tashin zuciya da gaske, kuma Android da iPhone da Windows duk suna da wajen da mutum zai ce a rage mai motsi. Burauza tana gaya maka in ka tambaya. A farkon saita ka sa wannan:

```js
if (matchMedia('(prefers-reduced-motion: reduce)').matches) {
  wuri = manufa = sabo; gudu = 0;
  nuna(sabo);
  return;
}
```

Layi biyar ne, ba uzurin barin shi. Sai makafi da ke amfani da manhajar karanta sikirin, in ka sa aria-live, alamar da ke ce ma manhajar ta karanta duk canjin da aka samu, a kan akwatin da ke motsi kana tura ma manhajar sabuwar lamba a kowane firem kenan. Abin da ake yi, akwatin motsi a sa mai aria-hidden don manhajar ta tsallake shi, a yi wani na daban da ido baya gani mai aria-live, shi kuma lambar ƙarshe kawai ake rubuta mai sau ɗaya a lokacin da aka kira saita.

Gwaji

Ka buɗe DevTools, kayan gwajin shafi da ke cikin Chrome, a shafin Performance akwai wajen rage ƙarfin kwamfuta ninki 4 ko 6, ka kunna shi ka yi ta danna ƙari da ragi da sauri kamar mai fushi, ka ga ko lambar za ta cije ko ta wuce. Ka danna, ka koma wani shafin kafin ta tsaya, ka jira minti ɗaya ka dawo, ya kamata ta ƙarasa tafiyarta lafiya. Ka gwada daga babbar lamba zuwa 0 ka tabbatar ba ta leƙa ƙasa da sifili ba. Bayan nan ka ari mafi arhar wayar da ke gidanku, ta ƙaninka ko ta Mama, ka buɗe shafin a kanta da data ba da wayafai ba, ka danna tun hotunan atamfar ba su gama lodi ba, don a daidai wannan lokacin ne firem ke yin tsawo.